Ranar da Tsohon Mashin ɗin Malam Iro Ya Buga

Akwai wata rana a aikin nan namu na duba dabbobi da har gobe ba ta fita raina ba. Tunda na ga an raba maku sababbin mashina kuna ta murza totur a harabar ofis kamar masu rakiyar amarya, ku zauna in ba ku labarinta.

Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi a sashen noma na Kurfi. Aikina allurar rigakafi, ba da maganin tsutsa, da zuwa duk inda aka ce dabba ba lafiya. Shekaru na yi ina wannan yawo a kan keke. Da Allah ya kawo mashina, shugaban sashenmu, Alhaji Bature, ya nuna mani nawa ya ce, "Malam Sani, ga rabonka nan. In ka kashe shi ka koma kan kekenka, don babu wani a tafe." Na san halin Alhaji, ba wasa yake ba.

A kwali mashin ke zuwa, sai an kai wa bakanike ya haɗa. Na kai nawa Dutsin-Ma wurin Malam Iro, wani gajeren dattijo mai faɗan tsiya, da ke gyara a rumfa kusa da kasuwa. Ga wanda bai sani ba, sabon inji sai an yi mashi ranin, wato a lallaɓa shi har ƙarafan cikinshi su goge su saba da juna. Yadda mutanenmu ke yi, su kafe mashin a kan jak, su tada shi, su bar shi yana ta ƙugi tun safe har la'asar ana watsa mashi ruwa. Da na tambayi Malam Iro ko haka za mu yi, sai ya harare ni.

"Wannan dafa inji ne, ba ranin ba," in ji shi. "Inji iska yake sha. In ba ya tafiya, ina zai samu iskar?"

Sai ya kafa mani dokokinshi. Kada in wuce gudu arba'in. Ban da goyo, ban da kaya mai nauyi. Kada in riƙe totur wuri guda, in riƙa canza giya, in na yi nisa in tsaya ya huce. Bayan 'yan makonni in dawo a yi juyen baƙin mai. Ya dafa tankin ya ce, "Allah ya sa a kashe lafiya."

Kai, na sha tsiya a waɗannan makonni! 'Yan acaɓa su wuce ni suna cewa, "Malam, ko a turo ka ne?" Wata gwaggota ta tsaida ni a hanyar Birchi in rage mata hanya, na ba ta haƙuri, ta bi dangi tana cewa Sani ya yi sabon mashin ya daina ganin mutane. Na ji zafin maganar ƙwarai, amma na daure.

Ranar juyen mai ta faɗo a farkon damina, ana tsakiyar huɗa. Da hantsi ina zaune a kan benci, Malam Iro ya kwance ƙusar ƙasan inji, mai na tsiyaya cikin tasa. Yana cikin nuna mani garin ƙarfen da ke ƙyalli a ciki sai wayata ta yi ƙara. Malam Ɗayyabu ne daga Wurma, wani manomi da na saba yi wa shanu allura. 

"Malam Sani, don Allah ka zo. Jan sa na ya ci sabuwar ciyawa da raɓa, cikinshi ya kumbura kamar ganga, ya kwanta yana nishi."

Kun san kumburi ba ya jira. In ba a sako iskar da wuri ba, sai dai wuƙa. Kuma shanun huɗa biyu ke gare shi tal. In ɗaya ya faɗi, garma ta tsaya, daminar gidanshi da ta maƙwabtan da yake yi wa huɗa ta tafi ke nan.

Na miƙe na ɗauki jakar aikina. Na ce, "Malam Iro, zuba mani mai in tafi. Yau kam sai dai injin ya yi haƙuri."

Ya ce, "In ka ba shi wuta daga nan zuwa Wurma, ga yashi ga laka, zai kame maka a tsakiyar daji. Ka rasa sa, ka rasa mashin."

"To in zauna sa ya mutu?"

"Wa ya ce ka zauna? Ɗauke mani waccan butar daga hanya."

Ya tura sabon mashin ɗina cikin rumfa, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya bar masu jiran gyara suna ƙorafi. Sai ya jawo nashi. Wallahi da kun ga mashin ɗin nan da kun yi dariya: ba madubi, kujerar a ɗaure da roba, salansa na tofar da hayaƙi. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake ɗauko kayan gyara. Ya ce, "Hau. Wannan ya gama raninshi tun kana makaranta."

Ban san dattijon nan ya iya gudu haka ba. Na rungume jaka da hannu ɗaya, na riƙe hula da ɗayan, ina ta salati. Da muka sauka daga kwalta muka shiga yashi, na fara jin injin na wata ƙara kamar ana buga gwangwani. Na ce, "Malam, sassauta mashi mana." Ya ce, "Kai dai yi ta kanka, ni na san abin da nake ji."

Mun tarar da san a kwance, harshe waje, an riga an kira mai yanka yana wasa wuƙa. Ban ko gaisa da kowa ba. Na laluba kwiɓinshi na hagu, na soka ƙarfen huda, iska ta yi fiii ta fito da wari. Aka kawo man gyaɗa na ɗura mashi. Can sai ya yi gyatsa, ya yunƙura, ya miƙe. Malam Ɗayyabu ya durƙusa ya riƙe hannuna, yana ta cewa, "Alhamdu lillahi." Ni ma sai da idona ya kawo ruwa.

Muna shan fura aka tambayi dalilin da ya sa ban zo da sabon mashin ba. Da na yi bayani, Malam Ɗayyabu ya ce, "Ai gaskiya ne. Mu ma sabon sa ba mu ɗaura mashi garma ranar farko, gungume yake fara ja." Malam Iro ya yi dariya har da buga cinya, ya ce yau ya samu ɗan'uwa a sana'a.

A hanyar komawa, kafin mu kai kwalta, tsohon injin ya yi ƙara ɗaya, ya tsaya cak. Ya buga. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na ce, "Malam Iro, tun a yashin nan ka san haka za ta faru, ko?"

Ya ce, "Na sani mana. Tsoho ya mutu a bakin aiki, yaro ya rayu, sa ya tashi. Me aka yi asara? Kama mu tura."

Haka muka turo shi a rana har bakin titi. Daga baya na yi juyin duniya in sa hannu a gyaran, ya ce in na ƙara tada maganar in nemi wani bakaniken. Har kaka ta shigo a ƙasa yake zuwa rumfa. Da aka yi girbi, Malam Ɗayyabu ya aiko mashi da damin gero, wannan kam ya karɓa.

Mashin ɗin nan nawa shi na hau har na kai mataki na gaba, ba a taɓa buɗe injinshi ba. Abin da na koya shi ne, aikinmu ba mu kaɗai ke yin shi ba. Duk dabbar da kuka ceta, akwai wani a bayanku da ko sunanshi ofis bai sani ba. Malam Iro ya rasu, Allah ya jiƙan shi da rahama. Don haka ku sassauta wa totur ɗin nan, don ba kowa ke samun wanda zai kashe nashi saboda naka ya rayu ba.