Matattakalar bayan kicin

Inna ta tsaya cak a gindin matattakalar, ta ƙi hawa.

Wani tsohon gidan gona ne na dutse a Bronx, irin wanda gwamnati ta hana a buga masa ko ƙusa. Yanzu gidan tarihi ne, na kai mahaifiyar tawa ne ta ga gari. Falo ƙato, saman kowace taga an sassaƙa fuskar mutum tana hararar mai shigowa. Amma bayan kicin akwai wata siririyar matattakala, sai ka karkace kafaɗa za ka wuce. Baturiyar da ke zagayawa da mu ta ce can sama bayi suke kwana, inda rufi bai barin mutum ya miƙe tsaye.

Inna ta cire takalmi, ta ɗaga kai ta yi sallama.

Na ce, "Inna, babu kowa fa."

Ta ɗaga mini hannu, ta kasa kunne. Can ta mayar da takalminta.

"Sun amsa," in ji ta. "Amma ba su ce mu shigo ba."

Ni ban ji komai ba, sai tsikar jikina da ta tashi. Muna fita, wasu baƙi suna hawa da kyamara.

Da ku ne, za ku hau?