Ledar Wake a Kaina

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Kurmin Kogi. A da ni ne baki a gidanmu, in na yi magana an gama. Ranar wata kasuwar Makarfi na faɗo daga babur, kaina ya daki kwalta. Na farfaɗo a asibiti a Zariya ina ji, ina gane kowa, amma harshe ya ƙi, hannun dama kuma ya zama kamar na aro. Aka sallame ni, aka ce a riƙa kawo ni gashi.

Ƙanena, sarkin latsa waya, shi ya ga wani bidiyo: wai a ƙasashen waje likitoci na gwada rage wa irina iskar shaƙa na ɗan lokaci don jijiyoyi su farka. Na'urar da ke auna iskar, da kuma likitan da ke tsaye a kai, duk bai ga waɗannan ba. Ya ce ai mu ma muna da abin rage iska, ledar nan ta cikin buhun adana wake, wadda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Inna ta nuna shakka, ya ce mata ilimin Turawa ne, ita dai ta yi addu'a.

Kullum bayan la'asar sai a zaunar da ni a tabarma, maƙwabcinmu ya danne kafaɗuna, ƙanena ya zura min ledar ya riƙe bakinta a wuyana. Wallahi na ga mutuwa ido da ido. Da azaba ta kai azaba, mataccen hannun nan ya ɗan zabura. Sai gida ya ɗauki kabbara, wai magani ya fara ci. Aka daina zancen kai ni gashi Zariya. Na kai in na ji ƙarar leda sai fitsari ya kufce min, a gaban matata.

Wata rana da aka nufo ni da ita, na tattaro duk ƙarfin da ya rage min, kalmata ta farko tun haɗarin ta fito:

"Bari."

Matata ta rangaɗa guɗa, Inna ta fashe da kukan murna. Ƙanena ya ce to kun gani, daga yau safe da yamma za a yi.

Sai da na suma aka kwashe ni zuwa asibiti. Likita ya ce saura ƙiris, kuma abin ya ƙara min rauni. Da gashi da koyon magana na samu ɗan abin da na samu, hannun dai bai dawo ba.

Jama'a, abin da likita ke yi da na'ura ba a kwaikwayonsa da buhu. In mara lafiyarku ba ya magana, ku dubi idonsa kafin ku dubi waya. Ƙanena har gobe yana faɗa a majalisa cewa shi ya buɗe min baki. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai har yau ba wanda ya tambaye ni abin da na ce.