Curin Shinkafar 'Yar Japan

Cikin shekarun tamanin, ina amarya, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kadawa da Bunkure, bakin babban kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani. Malam, mijina, direba ne. Yana tuƙa wani mutumin Japan da aka kawo don gwajin irin shinkafa. Mutumin ya zo da matarsa, siririya, marar yawan magana. Ƙauye duka 'Yar Japan ake ce mata, ni kuwa Madam nake kiranta.

Zaman kaɗaici ya ishe ta a gidajen ma'aikata, sai ta roƙi Malam ya riƙa sauke ta a wurina da hantsi idan za su shiga gona. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da sayen tumatir ba, sauran da hannu muke ƙarasawa. Wata rana ta zo da kwando: shinkafa gajera mai danƙo daga gonar gwajin mijinta, kwalbar wani baƙin ruwa mai ƙamshi kamar daddawa, da ɗan gwangwani cike da jajayen ƙwan kifi masu gishiri. Na kai wa Malam gwangwanin ƙofar gida kafin ya tada mota. Ya sunsuna, ya ce, "Abin ruwa ne, ki ci."

Muka dafa shinkafar ba mai, ba komai. Tun tana da zafi Madam ta jiƙa tafin hannunta, ta shafa gishiri, ta ɗebo, ta matsa, ta juya, sai ga curi mai kusurwa uku. Nawa kuwa dunƙulen fura yake fitowa, muka yi ta dariya. Na hura gawayi a kurfoti, muka ɗora raga, muka jera su. Da gefe ya yi ɓawo sai ta juya, ta shafa baƙin ruwan nan da gashin kaza, ƙamshin ƙanzo ya cika tsakar gida. Daga ƙarshe ta ɗora ƙwan kifin a kai.

Na lura ta yi wani ɗan ƙarami daban. Ta sa shi a faranti, ta ajiye a kan turmi, ta ɗan sunkuyar da kai. Ba ta ci ba, ba ta ba ni ba. Zuwanta na gaba ma haka. Da na tambaya, sai ta auna tsawon yaro da hannunta daga ƙasa, daidai ƙugu, ta ce, "Yaro nawa. Babu."

Malam ne ya ƙarasa min labarin: ɗansu ɗaya tak ya rasu a ƙasarsu kafin su taso. Abin ya tsaya min a rai. Na ce mata, "Madam, mu a nan sadaka muke yi wa wanda ya rasu. A ba wani yaro ya ci." Na nuna mata da hannu har ta gane. Ta kalli farantin, ta gyaɗa kai.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata mata da nake kira Yaya, don ta girme ni nesa. Autanta bai wuce shekara huɗu ba, kuma dama ƙamshin yakan jawo shi bakin zaure. Na kira shi, Madam ta miƙa masa da hannu biyu. Ya lashe ƙwan kifin tukuna, ya yamutsa fuska, sannan ya cinye tas. Tun daga ranar, da ya ji ƙarar motar Malam sai ya rugo. Madam takan zauna kan tabarma tana kallon bakinsa har ya gama, ta goge masa haɓa da gefen rigarta. Da gwangwanin ya ƙare, Malam ya samo mana busasshen jatan lande a kasuwar Kura, muka daka, muka soya da man shanu da ɗan tattasai. Yaron ya fi son wannan.

Da zafi ya shigo sai ƙyanda ta ɓarke a ƙauyen. Ta kwantar da yara da yawa, ta tafi da wasu, har da autan Yaya.

Ba a yi sadakar uku ba magana ta fara yawo. A bakin kanal, wurin wanki, na ji wata tsohuwa na ce wa matan da ke wurin, "Abincin mamaci aka riƙa ba shi, ba dole ya bi mai abincin ba?" Da suka gan ni suka koma kan wankinsu. Na san ƙyanda ce. Na san yaran da ba su taɓa ganin curin nan ba ma sun tafi. Amma da na dawo gida na kasa kallon turmin nan, sai na mirgina shi bayan ɗaki.

Malam ya so ya ɓoye wa Madam rasuwar, amma ta tambaye shi ina yaron yake, dole ya faɗa. Ta ce a kai ta gaisuwa. Ta shigo gidan Yaya da ɗankwalin da na ara mata, mata suka dare, aka bar mata tabarma guda ita kaɗai. Ba wadda ta amsa mata sannu. Can Yaya ta taso daga cikin ɗaki, ta zo ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta ta riƙe. Suna zaune a haka har aka kira la'asar. Daga ranar Madam ba ta sake zuwa ƙauyen ba, kuma kafin damina ta kankama aikin mijinta ya ƙare, suka koma ƙasarsu. Ta aiko min da ragowar shinkafar da kwalbar.

Bayan girbi, wata rana da hantsi, Yaya ta shigo ta tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Amarya, abin nan da yake ci a gidanki, kin iya?"

Na ce, "Na iya, Yaya, sai dai nawa ba ya yin kyau."

"Yi min. Kullum sai ya dawo yana ba ni labarinsa, ni kuwa ban taɓa tambayarsa ya ɗanɗana min ba."

Na hura gawayi. Ita ta daka jatan landen, ni na cura. Da ya gasu na miƙa mata guda, ta karɓa, ta kai hanci, ta rufe ido. Ta ce haka hannunsa yake ƙamshi idan ya dawo. Ta gutsura kaɗan, ta tauna a hankali, ta ƙulle sauran a bakin zanenta, ta yi min sai an jima.

Na tsaya ina jin takunta har ta shiga gida. Sauran curin na kan raga, sai da na ji ƙauri na tuna da su.