Jan Ti Na Bakin Ruwa

Kawuna ne ya fara kai ni filin golf, ba don ina so ba. Ƙanin Umma ne, Alhaji ake ce masa, yana da motocin haya da ke lodi a tashar Tina Junction, kuma tun da likita ya ce masa ya riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini, ya kama wasan nan kamar an yi masa asiri. Ni kuwa a lokacin ko ƙofar gida ba na leƙawa. Ina ɗakinmu a Anguwan Rogo, daga tabarma sai gado. In na ji ana juye ruwa a bokiti a tsakar gida, sai in toshe kunnuwana.

Abin da ya jawo haka shi ne, da muka gama jarabawar ƙarshe ta sakandare, muka tafi shan iska ni da ƙawayena wajen Kuru, bakin wani kududdufi irin waɗanda masu haƙar kuza suka bari. Na juya wa ruwan baya don a ɗauke ni hoto, ƙasar da nake tsaye a kai ta zabtare. Abin da nake iya tunawa shi ne sanyi, da kore ta ko'ina, da hijabina da ya naɗe mini fuska. Wani makiyayi da ke shayar da shanunsa ne ya miƙo sanda na kama. Har yau ban san fuskarsa ba, sandar kawai na sani.

Umma ce ta roƙi Kawu ya riƙa fita da ni, ko ina ne. Ya ce shi ba shi da wurin zuwa sai fili. Ranar farko jakar sandunan wasa kawai na bi shi da ita, ina jin haushi. Rana ta biyu ya ba ni sanda ya ce in gwada. Na yi ta dukan ƙasa, sai can ƙwallon ta tashi sama ta tafi, na ji wani abu ya saki a ƙirjina. Daga nan ni ke tashinsa da waya in gari ya waye. A filin nan ne na koma cin abinci sosai, a nan na fara dariya kuma.

Kowane rami da ake kora ƙwallo cikinsa yana da wurin da ake tsayawa a yi bugun farko, ti muke ce masa. Ba ɗaya ba ne. Akwai mai fararen duwatsu a can baya, na maza. Akwai mai jajayen duwatsu a gaba, kusa da ramin, na mata. Wai an rage mana nisa ne. A duk ramukan filin, daga jan ti nake bugawa ba gardama, ban da rami guda.

A wannan ramin akwai tsohon kududdufin kuza, kore shar, irin wancan sak. Farin ti yana kan tudu, nesa da ruwan. Namiji zai buga ƙwallonsa ta tsallake, sannan ya zagaya ta babbar hanya a bayan itatuwa. Jan ti kuwa an kai shi ƙetare, don kada mata su wahala wajen tsallake ruwa. Wata siririyar hanya ce ke kai mutum can, tana bin gaɓar. In kin isa, tsayawa za ki yi ruwan yana bayanki, dugaduganki kusa da baki, ki ɗaga sanda ki murɗa jiki. Wanda ya ajiye duwatsun nan taimako ya yi niyya, na sani. Amma yadda na tsaya a Kuru, haka ya ce in tsaya.

Saboda haka duk sanda muka zo wurin, sai in kafa ƙwallona a farin ti kusa da Kawu. Ƙwallaye nawa na zubar masa a ruwan nan, Allah kaɗai ya sani. Bai taɓa yin fushi ba. Daɗi ma yake ji.

"Kun gani ko?" yake ce wa abokansa. "'Yata ba ta son na sauƙi. Jinina ce. Daga inda maza suke bugawa take bugawa."

Sau ɗaya na gwada gaya masa, muna cikin mota a hanyar gida. Na ce, "Kawu, ba jarumta ba ce fa. Ruwan ne. Ba na iya juya masa baya."

Ya ce, "Haba, wannan ai ya wuce. Allah ya kuɓutar da ke, sai godiya." Ya ƙaro muryar rediyo. Washegari ya sake ba abokansa labarin jininsa.

Ana nan sai Kawu ya ce zai tafi Yola, zai buɗe wa motocinsa sabon layi, sai ya yi watanni. Ni ba a barina in shiga fili ni kaɗai, a ƙarƙashin sunansa nake shiga. In ya tafi, ɗakin nan zan koma, da tabarmar, da ƙarar bokiti. Hanya ɗaya ta rage. Akwai matan da ke wasa duk Asabar, suna ɗaukar 'yan mata masu koyo su shigo cikinsu, har a biyo a ɗauke su a mota. Shugabarsu wata tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Mama Kyaftin yake ce mata. Sharaɗinta shi ne ki zagaya filin gaba ɗaya tare da ita, daga jan ti, ta rubuta bugunki a kati ta sa hannu.

Ranar da aka sa mini, mu uku ne: ni, da Mama, da wata Hajiya mai shagon atamfa wadda bakinta ba ya hutawa. Wasa ya yi mini kyau da farko. Mama har ta ce, "Yarinyar nan tana da hannu." Amma ni tun daga nesa nake hango itatuwan da ke kewaye da kududdufin.

Da muka iso, su biyun suka kama siririyar hanya suna hira. Na bi su. Wallahi na bi su. Na taka har inda ciyawa ta ƙare aka fara jar ƙasa mai laushi, warin ruwan ya bugi hancina, sai ƙafafuna suka ƙi. Na ji hijabina ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙe. Ban san sanda na juya na hau tudu ba. Na kafa ƙwallo tsakanin fararen duwatsu.

Mama ta waigo ta ɗaga murya. "Ke! Ina za ki? Nan ne namu!"

Hajiya ta ce, "Bar ta, Mama, 'yar Alhaji ce. An ce ita ba ta bugu da mata, sai da oga-oga, manyan maza."

Na buga. Abin haushin shi ne ban taɓa yin bugu mai kyau irin wannan ba. Ƙwallon ta tsallake ruwa, ta wuce kan su Mama, ta sauka a tsakiyar fili tana gangarawa. Na zagayo ta babbar hanya na same su.

Mama ba ta ko kalli inda ƙwallon take ba. Ta ce, "Koma ki buga daga ja. Zan ƙara miki bugu biyu na hukunci, mu ci gaba. In kin ƙi, katin nan ya mutu."

Na ce, "Mama, ai nawa ya fi nisa. Ban rage komai ba, ƙari na yi."

"Ba a tambaye ki ƙari ba. Kowa daga wuri ɗaya, shi ne wasa. Na koyar da yara irinki da yawa, masu ganin sun fi ajinsu. Oya, koma."

Hajiya ta ce, "Ko dai jan ne bai dace da kayanki ba? In kawo miki atamfa mai ja?"

Nan na fashe. Ba kuka na fara ba, faɗa na fara, da babbar mace sa'ar kakata, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ni ban fi kowa ba, ban ce na fi kowa ba, na gaji da a riƙa gaya mini abin da nake nufi. Na ce ruwa irin wannan ya taɓa haɗiye ni, ta baya ya ɗauke ni, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce ya wuce. Ina ya wuce? Ga shi nan a gabana, kore, yana jira. Sai a lokacin kukan ya zo, mai majina, a gaban masu yankan ciyawa.

Hajiya ta shiga gyara ɗankwalinta. Mama ta kalli hanyar. Na ɗauka za ta ce to shi ke nan, a bar bugun a haka. Sai ta ninke katin ta sa a aljihu.

"Yau kam ba zan sa hannu ba," in ji ta. "Ban iya rubuta abin da ba a yi ba. Ki dawo Asabar. Ni zan bi ta gefen ruwa, ke ki bi ta gefen ciyawa."

Na koma gida ina jin haushinta fiye da na kowa. Kawu ya tafi Yola a tsakiyar makon. Na kwana biyu ina cewa ba zan je ba. Ranar Asabar motar Mama ta tsaya a bakin layinmu, ta hana Keke Napep wucewa, tana ta danna hon har Umma ta turo ni waje.

Yadda ta faɗa haka ta yi. A siririyar hanyar ta riƙe damtsena da ƙarfi har ya yi mini ciwo, tana ba ni labarin tsadar dankali, ni kuwa ina kallon takalmana. Da muka isa jan ti, ta je ta tsaya a bayana, tsakanina da ruwan, nesa kaɗan yadda sanda ba za ta same ta ba. Hajiya ta ce, "In za a faɗa, Mama ce za ta fara, kuma ita ruwa ma tsoronta yake." Na buga. Ƙwallon ko tashi ba ta yi ba, ta gangara cikin ciyawa kamar ɓera, ta tsaya nan kusa. Mama ta ce, "Ɗaya," ta rubuta. A ƙarshen fili ta sa hannu.

Yanzu duk Asabar ina cikinsu. Jajayen duwatsun suna nan inda suke. Mama ta ce ta kai maganar gaban kwamiti, an ce za a duba. Har yanzu ba na shiga hanyar nan sai da mutum a gefen ruwa, kuma har yanzu buguna a ramin nan shi ne mafi muni a katina.

Da daddaren ranar da aka sa mini hannu ban iya kiran Kawu ba, sai da safe na kira shi. Ina jin hayaniyar tasha a bayansa. Na ce masa an karɓe ni, na buga kowane rami daga ja, har da na bakin ruwa.

Ya ce, "Kash! Har sun mayar da ke jan ti? To ba komai, 'yata, ki yi haƙuri da su. In na dawo za mu koma namu."