Tallafin Karatun da Na Ajiye Ban Tambayi Baba Ba

Assalamu alaikum masu shirya wannan mujalla da masu karanta ta. A farkon shekarun saba'in ni saurayi ne ɗan ƙauye daga yankin Dogo-Dogo, siriri, mai yawan tambaya, wanda Allah ya nufa da zuwa jami'a a lokacin da masu digiri a ƙasar Dungas da Magariya ba su taka kara sun karya ba. Yanzu na tsufa, na ajiye aikin koyarwa, jikoki sun cika mini gida. Akwai wani abu da ya faru da ni a wancan zamani da nake so in ba ku labarinsa, ko wani ya amfana. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya.

Mahaifina manomi ne mai 'yan shanu. A zamanin da ake zuwa ƙauyuka ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi a rumbu ko su tura su daji wajen kiwo. Shi kuwa da kansa ya ɗora ni a kan jaki ya kai ni Magariya, mutane suna ta surutu wai ya ba Nasara ɗansa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Amma ranar kasuwa sai in hango shi tsaye a bayan dangar lakwal da ƙunshin ƙuli-ƙuli da dawon da Inna ta kirɓa, ya miƙa wa mushe, wato malaminmu, ya ce a ba wancan. Ba ya jira in zo in gaishe shi. Juyawa yake yi ya tafi kamar wanda ya biyo ta wurin bisa kuskure.

Daga nan na wuce lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, na ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, gwamnati ta tura ni wata jami'a a wata ƙasa ta bakin teku in karanci ilimin halittu. A can na haɗu da wani malami mai koyar da ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, dattijo mai sanyin murya. Ranar da ya fara nuna mana cewa magana tana da wurinta a cikin kai, gani yana da nasa, motsin hannu yana da nasa, na fito daga aji cike da mamaki. Ni da na san ƙwaƙwalwa a matsayin abin da Inna take dafawa da kan rago bayan layya, sai ga shi an ce duk hirar duniya daga nan take fitowa. Tun daga ranar ba ni da wani buri sai in san wannan abu ciki da waje. Ina da aboki ɗan wajen Sassumbrum, ɗaki ɗaya muke kwana, buri ɗaya muke da shi. In kewar gida ta dame mu sai mu tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya, mu kaɗa miyar kuka da daddawar da aka aiko mana, mu ci muna dariyar yadda ɗaliban wasu ƙasashe suke toshe hanci. Har yau in na ji ƙanshin daddawa a kan wuta sai in tuna da ɗakin nan da ƙarar teku.

A shekararmu ta ƙarshe malamin ya kira ni ofishinsa. Ya ce an ba shi damar zaɓen ɗalibi ɗaya da za a ba tallafin karatu, abin da muke ce wa burs, ya tafi Turai ya zurfafa bincike a kan ƙwaƙwalwa, an ɗauke masa ci da sha da wurin kwana da kuɗin jirgi. Ya ce ni ya zaɓa, abokina ne na biyu. Da na gaya wa abokin nawa, rungume ni ya yi yana tsalle, ko alamar ƙyashi ban gani a fuskarsa ba. Aka ce in je gida hutu in yi ban kwana, in dawo bayan damina. Duk hanya ina ta shirya yadda zan durƙusa a gaban Baba in gaya masa, ina ƙiyasta yadda zai kau da kai ya ce madalla, alhali cikinsa fal murna.

Shekarun farin nan ne. Daga Damagaram zuwa Magariya ina bayan kamiyo, babbar motar kaya, ina kallon ƙasusuwan shanu a gefen hanya, wuraren da na saba ganin tulin gyaɗa duk wayam. Da na isa ƙauye na ga mutane suna gaishe ni suna sunkuyar da kai. Ashe tun da bazara Baba ya faɗi a bakin rijiya yana ba shanu ruwa. Baffana, ƙanensa, ya hana a aiko mini don kada a ɓata mini jarrabawa. Na same shi kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, ba abin da yake iya furtawa sai to, to. Mutumin da in ya yi gyaran murya gida yake yin tsit, shi ne Inna take ba fura da ludayi tana share masa gemu. Da yamma Inna ta tambaye ni ko karatun ya ƙare. Baba yana kan tabarma kusa da mu, idonsa a kaina. Na ce mata ya ƙare, na dawo ke nan. Ban yi shawara da ita ba, ban yi da Baffa ba, shi kuwa Baba bai ma zo mini a rai a matsayin wanda za a tambaya ba. Na aika wa malamina saƙo cewa na janye, ban roƙi a ɗaga mini ba, ban faɗi dalili ba. A ganina a lokacin, ɗan kirki ba ya tsayawa ciniki a kan irin wannan.

Ba zan yi muku ƙarya in ce shekarun da suka biyo baya na baƙin ciki ne ba. Su ne mafi daɗin rayuwata. Wata rana da magariba ina salla kusa da shi sai na ji wani yana bin karatuna. Na sallame na waiwaya, ashe Baba ne, ya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, harafi bai kuɓuce masa ba. Bayan 'yan kwanaki wata jar saniyarsa ta leƙo ta danga, ya yi mata kiran da ya saba yi mata tiryan-tiryan. Inna ta fashe da kuka ta ce ya warke, amma da ta tambaye shi ko zai sha ruwa, sai ya koma to, to. Ni na gane abin. Na karanta cewa maganar da baki ya saba da ita tun yarinta tana iya tsira ko da wurin haɗa magana ya lalace. Sai na kama wannan hanya. Kullum da safe in zaunar da shi a jikin bango, mu fara da addu'o'in da ya haddace, mu bi da ranakun kasuwannin yankinmu, daga nan in nuna masa ƙwarya ko buta in jira. Wani lokaci gumi ya karyo masa, ya buga hannun hagu a ƙasa don takaici. Kalmar farko da ya ƙago da kansa ba ruwa ba ce, ba kuma Inna ba. Wata akuya ce ta sa baki a furarsa, ya daka mata tsawa ya ce ja'ira. Ranar har Baffa sai da ya yi hawaye don dariya, shi ma Baba yana dariya da rabin bakinsa.

Na sami aikin koyar da kimiyya a wata makaranta a Magariya, na kama gida na ɗauko shi da Inna, Baffa ya kora ragowar shanun ya tsallaka iyaka da su neman ciyawa. Ni nake yi masa wanka, ni nake murza masa hannu da man shanu, ni nake riƙe shi yana jan ƙafa daga ƙofar ɗaki zuwa gindin bishiyar bedi. Ni da ban taɓa kusantarsa ba, sai ga shi na san kowane tabo na jikinsa. Da la'asar mukan zauna a ƙofar gida muna kallon fatake masu zuwa da komawa Nijeriya, yana nuna mini abu da haɓa, ina faɗin sunansa, yana maimaitawa. Sannu a hankali ya tara kalmomi, yana jera biyu ko uku, da tsayawa a tsakani kamar mai hawan tudu. Na yi aure a cikin waɗannan shekaru. In maganar Turai ta faɗo mini a rai sai in kore ta, in gaya wa kaina na yi abin da ya dace.

Wata kaka abokina ya zo hutu. Shi aka ba tallafin bayan na janye, ya tafi, ya yi nisa a bincikensa. Ya zo a kan aron mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban Baba ya yi gaisuwa irin ta 'ya'yan gida. Cikin kyakkyawar niyya ya ce, "Baba, duk abin da na zama albarkacin ɗanka ne. Shi aka zaɓa a tafi da shi Turai, ya bar mini wurin saboda ya zauna da kai. Allah ya saka muku." Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Baba ya ƙura masa ido. Da na raka abokin bakin hanya ya ƙara mini da wani abu. Ya ce malaminmu ya yi ta tambayarsa me ya same ni, har ya ce da na faɗi dalili da ya riƙe mini wurin shekara guda, domin ana yin haka.

Da na koma gida na tarar Baba ya sa Inna ta fita. Ya nuna mini tabarma na zauna. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ce, "Gaskiya?" Na ce gaskiya ne, Baba. Na fara kawo dalilai, ciwonsa, fari, Inna ita kaɗai. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni. Ya taɓa leɓensa ya ce, "Baki... ya mutu." Ya kama kunnensa ya ja, ya ce, "Kunne... bai mutu ba." Sai ya juya fuskarsa ga bango. A nan na gane abin da na yi. Ni ne mutumin da ya fi kowa a gidan sanin cewa yana fahimtar duk abin da ake faɗa, a kan haka na gina duk koyarwar da nake yi masa. Amma ranar da maganar ta shafi abin da ya sha zagin mutane a kansa, na yanke hukunci a gabansa kamar ba ya nan.

Ya yi kwanaki ba ya karɓar fura daga hannuna sai daga hannun Inna. Wata safiya ya nuna hanya ya ce in tafi Yamai in nemo tallafin. Na tafi, na shiga ofisoshin da ya kamata. Aka karɓe ni da mutunci, aka ce irin wannan tallafi sababbin ɗalibai ake ba, malamin nawa kuma, da yake baƙo ne a jami'ar, ya koma ƙasarsu. Na dawo na durƙusa na gaya masa komai, wannan karon ban rage ko kalma ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗora hannunsa a kaina ya daɗe bai ɗauke ba. Daga ranar ban sake yin wani abu ban tambaye shi ba, ko da sayar da tunkiya ne. Da matata ta haihu shi na tambaya sunan da za a sa, ya faɗe shi sarai ba gargada. Ya ƙara wasu shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ban taɓa nadamar jinyar mahaifina ba, da za a dawo da ni baya ina jin zan iya sake zaɓen zama. Abin da nake nadama shi ne ban ba shi damar ya ce in tafi ko in zauna ba. Wataƙila da ya ce in tafi, Baffa da ƙannena su riƙe shi. Wataƙila da an ɗaga mini shekara, na yi jinya na kuma yi karatu. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, domin ban tambaya ba. Ɗalibai 'yan'uwana, in Allah ya buɗe muku ƙofar karatu sai wata jarrabawa ta faɗo a gida, kada ku yi gaggawar rufe ta a ɓoye kuna ganin jarumta ce. Ku faɗa wa malamanku halin da kuke ciki, ku tambaya ko ana jira, ku zauna da iyayenku ku yi shawara. Ku kuma masu jinyar tsofaffi, ku ji tsoron Allah a kan waɗanda ciwo ya ɗaure wa harshe. Kada ku yi magana a kansu kamar ba sa wurin. Ku durƙusa, ku gaya musu, ku jira amsa ko da za ta ɗauki yini kafin ta fito.