Tayoyin da Na Zaɓa wa Baba

Ko da tsufa zai sa in fara manta sunayen jikokina, wannan abu kam ba zai fita daga raina ba. Ya faru ne a shekarun da nake faci a wani banshar, wato shagon gyaran taya, a Kurayyat da ke kudancin Jidda. Umra na zo daga Damagaram na maƙale. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka aiki nake yi ina waiwaye.

Akwai wani dattijo mutumin Chadi da kowa ke kira Baba. Direba ne a gidan wani Balarabe a Ruwais, ya haura shekara talatin a hannun kafili ɗaya, wato maigidan da ya tsaya masa a kan takardar zama. A Jidda ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su mayar maka da Larabci. Zamansa da na iyalinsa duka a kan sa hannun maigidan nan ya rataya.

Wata safiya ya jawo karafan ɗin maigidan ya kawo mana, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota in za a fita daji hutawa. Tayoyinsa huɗu duk sun tsattsage saboda zaman rana, ga tafiya saura kwana uku.

"Ɗana, irin nasa nake so, na tirela," in ji Baba. "Na tambaya wajen masu kaya a bakin tashar jirgin ruwa, sun ce sai bayan sati biyu. Zan gaya wa maigida a ɗaga tafiyar."

A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Aji shida kacal na yi a lakwal, wato makarantar boko, amma a duk layinmu ni kaɗai nake iya karanta rubutun bokon da ke jikin taya, sai nake tafiya kamar ni na ƙera su. Na shiga ciki na gangaro da sababbin tayoyin a-kori-kura, wadda suke ce wa wanet.

"Baba, duba nan. Lambar girmansu ɗaya ce da naka. Waɗannan ma sun fi jure gudu."

Ya durƙusa ya danna gefen tayar da babban yatsa, ya girgiza kai. "Gefen nan da laushi. Ta tirela gefenta kamar icce yake, don nauyi aka yi ta. Ka san mutanen nan in za su fita: tankin ruwa, janareta, tukwane, darduma, har rago."

"Haba Baba! Yatsa za mu bi ko abin da yake a rubuce?"

Masu zaman shagon suka kwashe da dariya. Baba ya janye yatsansa daga jikin tayar. Dattawanmu da ba su yi boko ba haka suke, da zarar an ce musu abu a rubuce yake, sai su ajiye nasu sanin ko na shekara nawa ne. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "To, kai ka karanta. Yalla, ɗaura."

Gaskiyar da ban faɗa ba, don ni ma ban san ta ba, ita ce lambar girma kawai na iya. Can ƙasa akwai wani ƙaramin rubutu da ke faɗin iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka. Kullum ina ganinsa, ban taɓa tambayar amfaninsa ba.

A hanyar Madina abin ya faru, da tsakar rana, Baba na tuƙi. Karafan ya fara lilo a bayan mota, taya ɗaya ta fashe, ta kusa da ita ta bi ta. Ya kife, ya fizgi motar zuwa gefen titi da matar maigida da 'ya'yanta a ciki. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ƙaramar 'yar ta karye a hannu.

Bayan kwana huɗu Baba ya zo shago da la'asar, goshinsa a ɗaure. Ya ja ni gefe ya ce maigida ya kai karafan wajen wani injiniya, an gaya masa tayoyin ba su kai nauyin ba, ya dawo yana tambayar wa ya zaɓe su.

"Me ka ce masa, Baba?"

"Na ce ni ne."

"Amma ai..."

"Kai ba ka da takarda. In na ambace ka, kafin magariba kana hannun hukuma. Ni ya san ni, fushi ne zai huce."

Na so in ce mu tafi tare in faɗi gaskiya. Wallahi maganar ta zo har bakina. Sai na tuna motar kamen da ke zagaya unguwa, na haɗiye ta, na ce, "Allah ya huci zuciyarsa."

Bai huce ba. Da iƙamar Baba ta ƙare, maigida ya ce halas, ba zai sabunta ba. Dole Baba ya kwashi iyalinsa su koma Chadi. Ranar tafiyarsu na je rakiya, na tsaya can nesa. Na ga 'yan matansa biyu suna kuka suna tambayar uwarsu da Larabci yadda ƙasar da za a kai su take. Baba ya hango ni, ya ɗaga mini hannu yana murmushi, na kasa ƙarasawa wurinsa. Bai cika shekara biyu a can ba aka aiko mana cewa ya rasu.

Ni na ƙara shekara goma sha ɗaya a Jidda, har takarda na samu daga baya, kuma ba ranar da na ji daɗinta. Abin da na koya, na koye shi a makare: rabin sani in ya haɗu da girman kai, ba mai shi yake fara kayarwa ba. Kuma in wani ya ɗauki laifinka, ka buɗe baki tun yana da amfani. Ni ga shi sai yau na buɗe nawa, ga mutanen da ba su san shi ba.