Malama Shiru, Wadda Take Cin Wake Tare Da Ni

Ina neman afuwar malamaina da iyalan marigayiya, da na yi ƙarfin halin ɗaukar biro. Na san akwai manya da suka fi ni saninta, suka kuma fi ni iya magana. Ni ɗalibar aji biyar ce, ko a aji aka yi min tambaya sai muryata ta yi ta rawa. Amma tun da aka yi rasuwar nan wata magana ta tsaya min a wuya, kuma wadda na saba gaya wa irinta ita ce ta tafi.

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan nan, muna tsaye a layin taron safe, shugabar makaranta ta sanar da mu cewa Allah ya yi wa malamar laburarenmu rasuwa bayan ciwon zuciyarta ya tashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga gare Shi muke, can kuma muka nufa. Ɗalibai sun san ta da suna Malama Shiru, don da kalmar take tarbar duk wanda ya shigo laburare da surutu. Da yawa ba su san tana dariya ba. Ni na sani.

Malama, bari in yi miki magana kamar yadda na saba, don ban iya wata hanyar ba.

Kin tuna yadda muka haɗu. Ciwon suga ne ya ci ƙafar Babana kafin ya ɗauke shi gaba ɗaya. Bara likita ya auna ni, ya ce wa Mama nawa jinin ma ya kama hanyar, in ban canza cimata ba zan fara allura tun ban gama makaranta ba. Aka hana ni soye-soye da kayan zaƙi da lemon kwalba da farin burodi, aka ce in rage nama har in bari. Aka bar min wake da ganye da hatsin da ba a cire wa dusa ba, sai 'ya'yan itace. A gida yayyena suka sa min suna Akuya. In Mama ta zuba abinci sai babban yayana ya ce, "A kai wa Akuya harawarta." Ba da mugunta yake yi ba, amma nakan ɗauki kwanona in shige ɗaki. A makaranta kuwa Zomo ake ce min. Lokacin hutun tara kowa ya nufi shagon abinci, ni sai in shige laburare in buɗe littafi, kwanona a cikin jaka ban taɓa shi ba, in mayar da shi gida in ce wa Mama ba na jin yunwa.

Ranar nan kika tsaya a kaina kika ce, "Ke, littafin nan tun ɗazu shafi ɗaya kike kallo. Cikinki kuma ya fi duk 'yan ajinku surutu. Taso."

Na ɗauka korata za ki yi. Sai kika wuce da ni ta gaban allon nan da kika rubuta da hannunki cewa an hana cin abinci a laburare, kika buɗe ɗan ɗakin baya inda ake gyaran littattafan da suka yage. Tebur ɗaya, kujera ɗaya da wani benci, kwalbar gam, zare da allura, tagar da ba ta rufuwa sosai. Kika ce, "Nan ba laburare ba ne, asibitin littattafai ne, dokar ba ta iso nan ba." Kika buɗe kwanonki. Wake ne da kabeji da dafaffen dankali, babu ko ɗigon mai. Na kalli naki, na kalli nawa, sai kawai hawaye. Ba ki lallashe ni ba. Murfin kwanonki kika juya, kika ɗibar min rabi a kai, kika miƙo hannu kika ce, "Nawa kason fa?"

Daga ranar kullum haka muke yi, ki zuba min a murfinki, in zuba miki a nawa.

Ba ki taɓa yi min wa'azi kan lafiya ba. Doka ɗaya kika kafa min: kada in haɗiye loma sai na gaya miki abin da na ji a cikinta. Farkon abin nakan ce, "Malama, ba komai, salam." Sai ki ce, "Harshenki ne yake barci, suga da gishiri sun yi masa duka har ya suma. Ci gaba da tauna, zai farfaɗo." Na yi ta tauna ina jin haushinki a zuciya. Can wata rana na gatsi ɗanyen karas na ce, "Malama, wannan an sa masa suga ne?" Kika ajiye cokali kika yi ta dariya har kina riƙe tebur, sai da wata ɗaliba ta leƙo don ta ga ko lafiya. Bayan nan na fara jin bambancin farin wake da ja, na gane tumatir yana da nasa gishirin, na gane gasasshiyar masara ba ta bukatar komai.

Tagar ɗakin nan tana kallon bayan shagon abinci, daidai inda suke suya. Da ƙamshin soyayyar kaza ya taso nakan yi wuf in tashi zan toshe ta da kwali. Kika hana ni. Kika ce wanda ya guje wa ƙamshi a nan zai gamu da shi a hanya, kuma a can ba shi da abokin zama. Sai ki ɗaga hanci ki shaƙa sosai, ki ce, "Sannu da zuwa, kaza. Mun ji ki. A gaida gida." Ki ce in maimaita. Kunya kamar ta kashe ni, amma na yi. Abin mamaki, kafin mu gama dariya kwaɗayin ya lafa.

Ban taɓa ɗauka ke ma kina fama ba, sai ranar da na nemi wani littafin girke-girke na kek, mai hotuna masu launi, na rasa shi a inda lambarsa ta nuna. Kika nuna min can saman kanta, kusa da silin. Na ce, "Malama, ai ba wurinsa ba ne." Kika ce, "Na sani, ni na kai shi. Duk ranar da na so kallonsa sai na ɗauko tsani, gwiwoyina kuma ba sa son tsani. Kada ki ɗauka waliyyiya ce ni, 'yar nan. Da ƙyar nake wuce gidan burodi, sai na tsallaka titi." A duk laburaren wannan ne kaɗai littafin da ba ya wurinsa, ke da ba kya yafe wa kowa in ya saka littafi a gurbin da ba nasa ba.

Akwai ranar da na je bikin 'yar ajinmu na sha lemon kwalba har biyu, washegari na ƙi zuwa ɗakin baya. Kika aiko a kira ni. Ina shiga kika turo min murfi kika ce, "An sha, an wuce. Jiya ba ta cin abincin yau. Zauna." Iyakar abin da kika ce ke nan.

Malama, ga abin da ya tsaya min a wuya.

Ranar da aka sanar da rasuwarki, muna komawa aji wata ta juyo ta ce min, "To Zomo, kin gani? Shekara da shekaru tana cin ganye, ga shi ta mutu. Da ta sani ta ci kazarta." Wasu suka ce mata ta ji tsoron Allah. Maganar ta bi ni har gida. Mama ma da ta ga na kasa cin abinci sai ta ce, "Ko in ɗan soya miki ƙwai? Yau kaɗai." Na ce a'a, amma a'ar ba ta da ƙarfi. Na yi ta tambayar kaina, in ke da kika fi ni haƙuri kin tafi, ni wahalar me nake yi?

Da muka je gidanku gaisuwa tare da malamai, na rakuɓe a bakin ƙofar falo. Maigidanki ya dube ni ya ce, "Ke ce ta ɗakin baya?" Na ce, "Ni ce, Baba." Ya ce kullum da safe kina ƙara ludayi ɗaya a kwanonki, in ya yi magana ki ce kina da baƙuwa. Ya ce lokacin da ciwon ya fara kama ki, ko matakalar gidanku ba kya iya hawa sai kin zauna a tsakiya, amma daga baya kika yi shekaru kina hawa benen laburare da littattafai a hannu, kika ga auren 'yarki, kika goya jikarki. Ya ce, "Kwana dai in ya ƙare ya ƙare. Amma nata ta yi su a tsaye."

Sai 'yarki ta shigo da faranti, abincin da maƙwabta suka kawo. Idanunta sun kumbura. Ba ta san komai game da ni ba. Ta ɗauki cinyar kaza soyayya ta sa min a hannu ta ce, "Ci, ƙanwata, don Allah. Mama ba ta son ganin yaro da yunwa." Malama, ta yaya zan ce a'a ga mai wannan fuskar? Kuma ba zan ɓoye ba, wata-da-watanni ina mafarkin wannan cinyar. Na kai baki.

Gishiri ne ya fara dukana, kamar na lashi ƙasan buhunsa. Mai ya lulluɓe min harshe ya kama dasashina. Na tauna ina neman daɗin nan da nake tunawa, ban same shi ba. Ban haɗiye ba, na tsaya da lomar a baki kamar yadda kika koya min, na juya gefena don in gaya miki abin da na ji. Babu kowa a wurin sai takalman mutane. A nan na fashe da kuka. Kowa ya ɗauka kukan rashi ne, kuma shi ne, amma har da wannan: abin da kika yi ta ce min zai faru ya faru, harshena ya zama wani daban, kuma duk duniya ke kaɗai ce za ki gane girman labarin.

Yanzu laburare a kulle yake lokacin tara, har a kawo wata malamar. A kan matakala nake zama, ta uku daga sama, inda ba a cika wucewa ba. Abincin yana yi min yawa, don Mama ta saba zubawa da kasonki, ni kuma na kasa ce mata ta rage. Ina ci dai. Ban daina ba, kuma ba don tsoron allura kaɗai ba. Waken nake so yanzu. Sai dai cinsa ni kaɗai akwai wuya.

Ya Allah, ka jiƙan Malama, ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta ka yalwata shi. Yadda ta zauna da marainiya ta raba abincinta da ita, ka sa ta cikin waɗanda za ka ciyar daga 'ya'yan itacen Aljanna, inda ba a hana kowa komai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba maigidanta, da 'yarta da jikarta, da 'yan uwanta, da shugabar makaranta da dukkan malamai. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ta huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Yaya 'yar Malama, ki yafe min da na bar sauran kazar a gefen faranti, ba raini ba ne.

Wata mai zuwa Mama za ta mayar da ni asibiti a sake auna jinina. Ban san me likita zai ce ba, kuma ina jin tsoro. Duk lokacin da na dawo daga awo, Malama nake fara gaya wa kafin kowa a makaranta. In malamaina da iyalanta sun yarda, ina roƙon a ba ni izini in sake rubutowa a wannan shafin, ko layi kaɗan ne, in faɗi abin da aka ce, mai daɗi ne ko akasin haka.